Tarin da Amarya Ta Haɗiye

Tun kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Rano aka fara jin bugun nan daga ɗakin Umma Halima — taf, taf, taf — kamar ana daɓen ƙasa a hankali. Maƙwabta sun saba da shi, har wasu da shi suke gane lokacin ɗora koko ya yi. Lubabatu ce kwance a kan kuiɓinta, an tara mata filo a ƙarƙashin ƙugu, kanta ya yi ƙasa, Umma kuma ta lanƙwasa tafin hannu kamar mai ɗibar ruwa tana bubbuga mata baya.

"Ja numfashi. Riƙe shi. To, huro."

Lubabatu ta huro, tarin ya biyo baya da nauyi daga can ƙasan ƙirji. Ta jawo ɗan kwanonta mai murfi ta tofar da kakin, ta duba launinsa yadda likita ta koya mata, sannan ta rufe.

"Fari ne, Umma. Lafiya lau."

Tana ƙarama ƙyanda ta kama ta, ciwon haƙarƙari ya biyo baya, da ta tashi sai ya bar mata tabo a huhu. Likitoci a Kano suka ɗauki hoto suka ce hanyoyin iskar huhunta sun buɗe sun saki, ba sa iya koro kaki da kansu, in kuma ya kwanta a ciki sai ya ruɓe ya kawo zazzaɓi. Sunan ciwon bironkiyaktasis, amma Umma ba ta taɓa wahalar da harshenta ba, "tarin Luba" kawai take cewa. Ba ya warkewa, ba kuma a ɗaukarsa daga mai shi. Abin da yake so shi ne a fitar da kakin safe da yamma, a sha ruwa da yawa, a guji hayaƙi, in launi ya canza a garzaya asibiti. Da wannan Lubabatu ta gama sakandare, ta buɗe shagon ɗinki, ta kuma tafi da hankalin Maharazu, wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Kibiya, wanda ya zo duba akuyar Umma sau ɗaya ya ci gaba da zuwa bayan akuyar ta daɗe da warkewa.

Umma ta goge hannu a zaninta ta zauna bakin gado.

"Luba, gobe i war haka kina Fassi, garin mijinki. Ki buɗe kunne ki ji ni. Gidan Fulani za ki, mutanen kunya ne. Amarya ba ta kaki inda surukai za su ji. Abin nan da kike yi a nan, can ki san yadda za ki yi shi a ɓoye. Kada ki sa a ce mun kai musu mara lafiya."

"To ai mara lafiyar ce, Umma."

"Rufe min baki. Wa ya gan ki ya ce ba ki da lafiya?"

Umma na fita Lubabatu ta ɗauki waya ta kira Maharazu.

"Yaya, ka faɗa wa Inna kuwa?"

"Zan faɗa mata, Luba."

"Tun sa rana kake cewa za ka faɗa mata."

"Filis, don Allah bari hidimar bikin nan ta wuce. Ai ni na sani, ni kuma zan zauna da ke. Ba ni na bi ki asibiti na koyi bugun ba?"

Gaskiya ne, ya bi ta, ya koya, har nas ɗin tana yaba hannunsa. Maharazu ba maƙaryaci ba ne. Matsalarsa ɗaya, ɗan fari ne a gidan da ake riƙe fulako, kunyar nan ta Fulani, da gaske. Mahaifiyarsa Inna Laraba ba ta taɓa kiran sunansa ba tunda ta haife shi, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In tana son ya ji magana, sai ta fito tsakar gida da tsaba a hannu ta faɗa wa kaji. To mutumin da a bakin kaji yake jin saƙon uwarsa, ta ina zai fara yi mata bayanin ƙirjin matarsa?

* * *

Ɗakin amarya a Fassi bango ɗaya ya raba shi da na Inna Laraba, bangon kuma bai kai rufi ba. In allura ta faɗi a nan, can za a ji.

Inna ta karɓi Lubabatu hannu biyu. Doguwar mace ce mara yawan magana, mijinta Malam Badamasi ya rasu tun Maharazu na firamare, ita ta riƙe shanun da gonar har yaran suka tasa. Duk Fassi an san ta da abu guda, haɗa turaren wuta. Amaren garin a wajenta ake sayen nasu. Yanzu ga tata amaryar ta zo, ai kuwa sai abin da ya ƙare. Kullum da safe sai ta yi sallama a ƙofar ɗaki da kasko a hannu, garwashi jajir, ta zuba turaren da ba ta sayar wa kowa, ta saki labule, ta ce, "Zauna a ciki, 'yar nan, ya kama jikinki." Wannan ita ce soyayyarta, ba ta iya wata ba.

Lubabatu takan durƙusa ta ce, "Na gode, Inna, Allah ya ƙara girma." Sai ta zauna cikin hayaƙin tana danne ƙirji da filo har idonta ya kawo ruwa.

Da baƙi suka watse, Maharazu ya dawo daga sallar asuba ya rufe ƙofa, ya tara mata filo, ya lanƙwasa hannu ya fara. Taf, taf, taf. Ta cusa fuska cikin bargo ta yi tarin a ciki. Suka yi haka ranar, suka kuma washegari. A safiyar da ta biyo baya suna cikin yi suka ji an buɗe akurki, suka ji tsaba na zuba a ƙasa, sai muryar Inna a sanyaye:

"Ku ci, ku ci. Ni dai tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin an ɗaga wa mace hannu ba. Mai gidan nan har ya koma ga Allah bai taɓa ba. Ban san inda aka koyo ba."

Hannun Maharazu ya tsaya a sama. Lubabatu ta tashi zaune.

"Ka ji ko? Ta ɗauka dukana kake yi."

"Bari in je in—"

"Ka ce mata me? Ka ce kaki kake fitar min? Da wane baki?" Ta share ido da bayan hannu. "Bar shi kawai, Yaya. Zan riƙa yi da kaina a hankali."

Ya kamata ya fita a lokacin ya durƙusa gaban uwarsa, ko da kajin ne a tsakaninsu. Bai fita ba. Ya ji sauƙi a ransa da ta ce a bari, ya kuma ji kunyar sauƙin da ya ji.

"A hankali" kuwa ba ta fitar da kaki. Tarin nan ba ya yin shiru, in dai za a yi shi yadda zai yi amfani sai an ji shi har zaure. Sai Lubabatu ta koma haɗiye shi. In ya taso tana gaban Inna, ta danne ta yi gyaran murya kamar mai shirin gaisuwa. Ruwan ma ta rage sha, don kada a ga amarya na yawan zirga-zirga bayan gida. Da aka shigar da ita girki, murhun itace ta tarar a ɗan ɗakin girki mara taga, ga damina ta jiƙa itacen, sai an kwanta an hura. Maharazu ya sayo ƙaramin gas ya kawo, Inna ta kalle shi ta gaya wa kaji cewa tuwon da ba na itace ba bai san hanyar cikin mutum ba. Gas ya koma bayan ƙofa aka ɗora masa kwando.

Kafin gero ya fitar da kai, amarya ta fara zubewa. Matan gari suna ganinta suna murmushi suna cewa an samu ƙaruwa ne. Wata safiya Inna ta tafi duba shanu, Lubabatu ta samu ta yi tari son ranta, ta buɗe kwano ta duba. Kakin ya zama kore.

Maharazu ya taɓa goshinta ya ji zafi rau.

"Tashi mu tafi Kano yanzu."

"Mu ce wa Inna za mu ina? Amaryar da ko gida ba ta je ba tukuna?"

"Luba, wannan ba wasa ba ne. Likita ta ce in ya canza launi—"

"Na san abin da likita ta ce, a gabana ta faɗa." Ta ture hannunsa. "Kai ne ba ka faɗi naka ba. Na bar gidanmu inda nake tari kamar kowa, na zo gidanku ina satar numfashi. Kullum sai ka ce min sori. Sori ba ta fitar da kaki, Yaya."

Ya sunkuyar da kai. "Gobe in sha Allahu zan same ta."

Ta juya masa baya ta ja bargo. Ta gaji da jin goben nan.

* * *

Goben ce ta riga shi. Da hantsi yana kasuwa, Lubabatu ta durƙusa gaban murhu tana hura jiƙaƙƙen itace, Inna na gefe tana burga nono. Hayaƙi ya turnuƙe ya shige mata. Ta danne, ya ƙi dannuwa. Tarin da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle gaba ɗaya, ya durƙusar da ita, ta toshe baki da gefen mayafi. Da ya lafa ta janye mayafin, sai ga jini a jiki, ja wur a kan farin yadi.

Maburgi ya tsaya a hannun Inna. Ta daɗe tana kallon mayafin, ba ta kalli mai shi ba.

"Tun yaushe?"

"Inna, ba abin da kike—"

"Tun yaushe kike tarin nan?"

"Tun ina ƙarama."

"Iyayenki sun sani?"

"Sun sani."

"Shi fa?"

Lubabatu ta gyaɗa kai.

Inna ta san jinin nan, ko dai ta ɗauka ta san shi. Tarin fuka ne ya kashe Malam Badamasi. Shi ma da gyaran murya ya fara, aka ce sanyi ne, aka ce mura ce, har ranar da ta ga irin wannan jan a hannun rigarsa. Ta yi jinyarsa tana raba masa kwano da moɗa, tana korar yaranta daga ƙofar ɗakinsa, tana kallonsa yana ƙarewa. Ta miƙe ta ɗauki moɗar da Lubabatu ke sha da kwanon tuwonta ta kai can gindin katanga ta kife.

Maharazu na shigowa da babur ya ga matarsa zaune a ƙofar ɗaki tana rawar sanyi, ya ga uwarsa tsaye a tsakar gida babu tsaba a hannunta.

"Maharazu."

Sai da ya waiga ya ga ko wani ne. Tunda yake bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Nan take ya durƙusa.

"Ka san abin da ya kashe ubanka, ka je ka ɗauko min shi ka kawo gida, ka sa min shi a bayan bango. Ƙannenka na ci da ita kwano ɗaya. Kuka haɗa baki da mutanen Rano kuka rufe ni kamar wata yarinya." Idonta ya ciko amma ba ta bari ya zubo ba. "Ka mayar musu da 'yarsu. Na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba. Ka sallame ta."

"Inna, ba irinsa ba ne, wallahi ba—"

"Haka aka ce min wancan karon."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Lubabatu ta so ta yi kuka, amma numfashin da za ta yi kukan da shi ma babu.

* * *

A asibitin da take ganin likita a Kano aka ba ta gado, aka sa mata ruwa da allurai. Dakta Mufida, wadda ta san ƙirjin nan shekara da shekaru, ta saurare shi ta cire abin awon daga kunne ta dubi Maharazu.

"Malam, wannan huhun ya daɗe ba a share shi ba. Me ya faru?"

Ya kama kallon ƙasa. Umma da ta iso a gigice ita ma ta kama gyara ɗaurin ɗankwali.

Da zazzaɓin ya fara sauka, Maharazu ya koma Fassi. Ya tarar da Inna a bakin garke, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, laifin nawa ne. Ta roƙe ni in faɗa miki tun kafin aure, na kasa. An gwada kakinta, babu tarin fuka. Likita ta ce—"

"Likita ba ta kwana da gawa a ɗaki ba. Ka rubuta mata takardar sakin?"

"Ban rubuta ba."

"To tashi ka ba ni wuri."

Bai tashi ba. "Ban taɓa yi miki musu ba, Inna, ba kuma zan fara yau ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki zo ki gan ta, ki ji da kunnenki. In kin gani kin ji kika sake cewa in sallame ta, zan yi."

Inna ta ci gaba da kwance maraƙi kamar ba ta ji ba.

Da ya gaya wa Lubabatu abin da ya faɗa, ta kafe shi da ido.

"Wato in ta ce ka sake ni, shi ke nan."

"Ba za ta ce ba."

"In ta ce fa?"

Sai hawaye suka zubo masa. Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa, don ta san bai da wata hanya da zai iya bi ya kwana lafiya da kansa. Ta ce, "To ni ma ka ji nawa. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, na gama haɗiye tari saboda kowa. Ina son ka, Yaya, amma ba zan mutu don a ce ina da kunya ba."

Ranar da ba su zata ba, da la'asar, nas ta shigo ta tara filo za a yi bugun yamma, sai ga sallama a bakin ƙofa. Inna Laraba ce, ta hau motar kasuwa ita kaɗai, ta rufe hanci da gefen mayafi. Ba dubiya ta zo ba. Ta zo ne ta kalli idon Umma ta gama maganar a gaban kowa.

Umma ta miƙe da sauri. "Maraba, maraba. Sista, a ɗan dakata da wannan sai baƙuwa ta tafi."

"A'a," in ji Lubabatu. "A yi yanzu."

"Luba, surukarki ce fa."

"Na gan ta, Umma. Inna, sannu da hanya. Ki gafarce ni, lokacin maganina ne." Ta dubi mijinta. "Yaya, kai za ka yi."

Ta kwanta a kuiɓi, kai ya yi ƙasa. Maharazu ya lanƙwasa hannu ya fara. Taf, taf, taf. Lubabatu ta ja numfashi ta huro, ta saki tarin gaba ɗayansa, mai ƙara, mara kyan ji, ta jawo kwano ta tofar a gaban uwar mijinta. Umma ta kau da kai don kunya.

Mayafin ya sauka daga hancin Inna a hankali. Ba tarin take saurare ba, bugun take saurare.

"Wannan ne?" ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Wannan ne nake ji da asuba?"

"Shi ne, Inna," in ji Lubabatu tana haki.

Dakta Mufida da ta shigo zagaye ta tsaya ta fahimci inda aka dosa. Ta gaishe da Inna da ladabi ta ce, "Mama, ciwon 'yarki ba tarin fuka ba ne, mun gwada mun sake gwadawa. Ko kofi ɗaya kuka sha ba za ki ɗauka ba. Hanyoyin huhunta ne suka saki tun tana yarinya. In ana fitar da kakin kullum, za ta yi aikinta, ta haihu, ta tsufa in Allah ya so."

"Jinin fa? Na ga jini da idona."

"Kakin ne ya kwanta ya ruɓe har ya ji wa hanyar ciwo. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa aka bar shi ya kwanta. Shekarun nan duk ba ta taɓa sakaci ba."

Lubabatu ta tashi zaune. "Ni na daina, Inna. Kunyarki nake ji. Da kika ce ba a dukan mace a gidan, sai na ce ya bari."

"Sai kuma hayaƙi," in ji likitar. "Na itace, na shara, har na turare. Shi ne babban abokin gabarta."

"Turare," Inna ta maimaita. Ta dubi hannayenta. "Kullum ina kai mata, ina sakin labule. Tana ce min na gode."

"Ƙamshin na da daɗi, Inna. Kuma na san don kina so na ne."

Nan ne abin da Inna ta riƙe tun rasuwar Malam Badamasi ya ƙwace mata. Ta zauna a kujerar roba ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Umma ta matso ta durƙusa kusa da ita tana cewa, "Ni na ce ta ɓoye, ki yafe mana." Maharazu na tsaye kamar an dasa shi, yana jiran kalma ɗaya da za ta raba shi da matarsa ko ta bar masa ita.

Inna ta share fuska. Ta miƙe ta zo bakin gadon, ta daɗe tana kallon bayan yarinyar.

"Shi wancan ban iya yi masa komai ba sai kallo," ta ce a hankali. Sai ta miƙa wa nas hannu. "'Yar nan, nuna min yadda ake lanƙwasa shi."

* * *

Ciwon bai tafi ba, ba kuma zai tafi ba. Lubabatu na zuwa ganin likita a kan lokaci, tana karɓar allurar rigakafinta, tana taka ƙafa zuwa garke da yamma don huhu ya motsa, gorar ruwa kuma ba ta rabuwa da gefen keken ɗinkinta. Wani lokacin kakin kan canza launi, amma yanzu kafin ta rufe kwano an riga an tayar da babur. An sauke kwando daga kan gas. Inna har yau tana cewa tuwonsa bai kai na itace ba, tana kuma cinye nata tas. An fasa wa ɗakin girki taga, kaskon turare ya koma can bayan gida inda iska ke kwashe hayaƙin, amaryar kuma aka haɗa mata humra ta shafawa da ba a sayar wa kowa irinta.

Kunya ado ce, babu mai musun haka, ita ce ma ta sa gidan Inna Laraba ya yi kwarjini a Fassi. Amma kunyar da za ta hana mara lafiya faɗin ciwonsa, ko ta hana ɗa gaya wa uwarsa gaskiya, ta tashi daga ladabi ta koma cuta. Mutum huɗu ne a labarin nan, kowannensu na son Lubabatu har da ita kanta, kuma shirunsu ne ya kusa kai ta kabari. Haƙurinta ya yi mata rana, amma sai da ta haɗa shi da buɗe baki.

Inna ta koma faɗa wa kaji saƙon ɗanta, don wannan ba ya canzawa. Amma wata safiya da Maharazu ya yi sammakon kasuwa, Lubabatu ta makara saboda nauyin cikin da take ɗauke da shi, sai ta ji an ƙwanƙwasa bangon nan da bai kai rufi ba.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Rana ta fito ban ji tarinki ba. Gyara filon, ga ni nan zuwa."